Zaga Birni da Ƙafa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lambunan Shaƙatawa da Ɓoyayyun Wurare

Duk wanda aka san shi da son taka sayyada a cikin birni, ba ya rabuwa da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi. Wasu amsarsu ba ta wuce layi uku ba, wasu kuwa sai an zauna.

Me ya sa sai da ƙafa, alhali ga mota, ga bas ɗin masu yawon buɗe ido?

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a sa'a tana shafe fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa. Bakin lungu mai faɗin mita 2 ko 3, kafin ka ƙifta ido an wuce shi. Mai tafiya a ƙasa kuwa kamar kilomita 5 yake ci a sa'a, don haka lungun zai tsaya a gabansa har ya leƙa ya hango bishiya a ƙuryarsa.

A Niyok akwai wani ɗan lambu mai suna Paley Park, an buɗe shi a 1967. Girmansa bai kai murabba'in mita 400 ba, yana matse tsakanin dogayen gine-gine, kuma a ƙarshensa akwai bango mai tsayin mita 6 da ruwa ke kwarara a jikinsa. Da gangan aka yi shi, don ƙarar ruwan ta danne hayaniyar titi. Na cikin mota, gilashi a rufe, ba zai gani ba, ba zai ji ba. Mai ƙafa kuwa kunnensa ne zai fara ja masa gora.

Bas yana da ranarsa. Ranar farko a garin da ba ka sani ba, ka hau shi ka ga gabas da yamma, ka lura da inda ranka ya so ka sauka. Washegari sai ka koma can da ƙafa.

To, a ina ake samun waɗannan ɓoyayyun wuraren?

Amsar da na fi yarda da ita ita ce: ka bi sawun abin da ya mutu. Birni ba ya barin fili mai daraja ya zauna haka nan. Duk inda ka ga kore a tsakiyar gari, ka tambayi kanka abin da ya hana a yi gini a wurin. Galibi za ka tarar da can wurin juji ne, ko layin dogo, ko ganuwa, ko rafi, ko maƙabarta.

Ɗauki Lambun Azhar na Alƙahira. Tudun da yake kai, shekara kusan 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai. A 1984 Aga Khan, shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya na lokacin, ya yi alkawarin mai da shi lambu, aka buɗe shi a 2005, hekta 30. Ana cikin kwashe tarin sharar sai ga ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi, ta ƙarni na 12, wadda jujin ya binne, tsawon wajen kilomita ɗaya da rabi. Wato sharar da ta ɓata wurin ita ce ta adana ganuwar. Haka ma Buttes-Chaumont na Faris, wanda aka buɗe a 1867: tsaunukan da mutane ke hawa suna ɗaukar hoto, ragowar ramin haƙar dutse ne da aka daɗe ana zubar da ƙazanta a ciki.

Layin dogo da aka daina amfani da shi ya fi komai daɗin bi, domin jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, kuma yana ratsa bayan gidaje, inda titi ba ya kai ka. A Faris an mai da tsohon layin da ya tashi daga dandalin Bastille hanyar masu ƙafa a 1993, sama da kilomita 4, wani sashensa a kan gada, kana tafe kana kallon tagogin bene na uku. Niyok ta kwaikwayi wannan da High Line: jirgi na ƙarshe ya bi layin a 1980, ciyawa ta cinye shi, aka buɗe sashen farko a 2009. Sai dai wannan na Niyok ya daɗe da fita daga sahun ɓoyayyu, wani lokacin kafaɗa da kafaɗa ake tafiya.

Ganuwa kuma idan aka rushe ta takan bar zobe. A Krakow ta ƙasar Folan, lambun Planty ya kewaye tsohon gari tsawon kilomita 4, daidai inda ganuwa take kafin a rushe ta a farkon ƙarni na 19. A Seul ta Koriya ta Kudu, rafin Cheonggyecheon ya shekara da shekaru a ƙarƙashin kankare, da babbar gadar motoci a kansa. A 2003 aka fara rushe gadar, a 2005 aka buɗe rafin ga masu ƙafa, kusan kilomita 6. Gaskiyar magana dai, yawancin ruwan da ke gudu a ciki da inji ake turo shi daga kogin Han, amma tsuntsayen da ke kamun kifi a wurin ba ruwansu da wannan. A Balin, filin jirgin sama na Tempelhof da aka rufe a 2008 ya zama lambu a 2010, kuma a 2014 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a cewa kada a gina komai a kai. Yau a kan titin saukar jirgi ake yawo.

Maƙabarta fa? A ƙasashe da dama tsofaffin maƙabartu su ne suka fi ko'ina manyan itatuwa da shiru. Père Lachaise ta Faris tun 1804 take, hekta 44. Mount Auburn da ke kusa da Boston, wadda aka buɗe a 1831, mutane sun riƙa zuwa shan iska a cikinta tun kafin biranen Amurka su sami manyan lambuna. Idan ƙofa a buɗe take ga baƙi, ka shiga da natsuwa, ka tuna akwai waɗanda ba yawo ya kawo su ba.

Ta yaya zan gane irin waɗannan a garin da ban taɓa zuwa ba?

Fara da sunayen tituna, domin suna ya fi gini daɗewa. Wall Street na Niyok sunan bango ne, wanda 'yan Holan suka gina a 1653. Fleet Street na Landan sunan kogi ne da yanzu ke gudu a ƙarƙashin ƙasa. A wani titi mai suna Ray Street akwai murfin magudana mai raga, idan ka tsaya a kai za ka ji ƙarar ruwan. Manyan titunan Faris da ake kira bulba, an shimfiɗa na farkonsu ne a kan layin ganuwar da aka fara rushewa a 1670. Duk inda ka ga titi mai sunan ƙofa, ko rijiya, ko gada, ko niƙa, kuma ba ka ga abin ba, to da can yana nan, wataƙila ma ragowarsa na bayan wani gini.

Sai siffar titi. Idan unguwa duk titunanta a miƙe suke, sai guda ɗaya tak yana lanƙwasa kamar maciji, mai yiwuwa rafi ne aka rufe, ko tsohuwar turba ce da ta girmi unguwar. Idan titi ya ɗan gangara ya sake hawa ba dalili, ka duba hagu da dama a ƙasan gangaren.

Daga nan sai taswira. Ka nemi tsohuwar taswirar garin, ta shekara 100 da ta wuce ko fiye, ka jera ta da ta yau. Inda suka saɓa, nan ne wurin zuwa. A waya kuma, taswirar OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004, sau da yawa ta fi sauran nuna matakala, da ƙananan ƙofofin lambu, da benci, da famfo, saboda masu tafiya a ƙasa ne ke sa su.

Kilomita nawa ya kamata in yi a rana?

Masu hawan duwatsu suna da wata ƙa'ida da William Naismith, ɗan Sikotilan, ya tsara a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A birni ka raba nisan da ake ci a sa'a gida biyu, saboda fitilar hanya, da tsayawa karanta allo, da zaman benci. A nawa ganin, kilomita 6 zuwa 8 sun ishi mai son ya ga wani abu. Wanda ya yi 20 ya motsa jiki, amma in ka tambaye shi abin da ya gani bayan la'asar, sai ya yi ta sosa kai.

Ba an ce sai mutum ya yi taku 10,000 ba?

Wannan adadin daga talla ya fito. A 1965 wani kamfanin Japan ya fitar da na'urar ƙidaya taku mai suna manpo-kei, ma'ana mai auna taku dubu goma, sunan ya bi duniya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 kan tsofaffin mata sama da 16,000 ya nuna masu yin taku wajen 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma fa'idar ta daina ƙaruwa sosai daga wajen 7,500. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da mintuna take lissafi: 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Yawo biyu masu kyau sun biya.

In tsara hanya tun daga gida, ko in bar ƙafa ta kai ni inda ta ga dama?

Ka tsara farko da ƙarshe, ka bar tsakiya a sake. Ka zaɓi inda za ka fara, da inda za ka sami abin hawa in ka gaji, sai wurare biyu ko uku a tsakani, sauran kuma ka bar wa ido. Idan tituna biyu suna zuwa wuri ɗaya, bi ƙaramin. Idan ka ga matakala, hau.

Wanda bai saba ba zai iya farawa da hanyar da aka riga aka shata. A Boston akwai jan layi a ƙasa, tsawon kilomita 4, yana bi ta wuraren tarihi 16. Ba ka buƙatar taswira, layin kawai za ka bi. Amfanin irin wannan shi ne yana ba ka igiyar da za ka saki ka leƙa gefe ka dawo ka kama.

Babban lambu fa, yaya ake zaga shi? Ina ganin duk ciyawa ce da itatuwa.

Abu na farko da ya kamata ka sani, yawancin manyan lambunan birane ba daji ba ne da aka bari, gina su aka yi kamar yadda ake gina gida. Central Park na Niyok, hekta 341, Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne suka ci gasar zana shi a 1858. Tafkunan haƙa su aka yi, itatuwan dasa su aka yi, an fasa duwatsu da albarushi. Sun lanƙwasa hanyoyin ne don kada ka hango ƙarshen lambun, suka kuma nutsar da titunan da ke ratsa shi ƙasa don kada ka ga ababen hawa. Shi kansa Olmsted, a 1850 ya ziyarci Birkenhead Park kusa da Libaful, wanda Joseph Paxton ya zana aka buɗe a 1847, ya yi mamakin ganin talaka da mai kuɗi suna yawo a lambu ɗaya da aka yi da kuɗin jama'a.

Da zarar ka gane haka, yawon ya canza. Duk inda aka ajiye benci, zauna ka ga abin da mai zanen yake son ka kalla. Duk inda hanya ta yi kwana ba dalili, akwai abin da ake ɓoye maka sai ka zagayo. Ka shiga ta ƙaramar ƙofa, ka bi gefe-gefe kafin ka nufi tsakiya, domin jama'a a babbar ƙofa da bakin tafki suke taruwa.

Ka kuma lura da 'yar turbar da ƙafafun mutane suka fitar a cikin ciyawa, wadda babu ita a taswira. Ba a banza ake takawa ba: ko gajeriyar hanya ce, ko tana kai wa ga inuwa mai kyau.

Wani abin da ba kowa ya sani ba game da Central Park: jikin sandunan fitilunsa akwai lambobi, kuma na farkon suna nuna lambar titin da ke daidai da inda kake. Ga kuma abin da lambun ya binne. A gefensa na yamma akwai wata unguwa, Seneca Village, wadda yawancin mazaunanta baƙar fata ne, da dama daga cikinsu masu filayen kansu. A 1857 aka tashe su don a yi lambun. Yanzu akwai alluna a wurin, amma dubban mutane na wucewa kullum ba su tsaya sun karanta ba.

Me zan ɗauka?

Takalmin da ƙafarka ta riga ta sani. Sabon takalmi a ranar doguwar tafiya neman bororo ne. Safa mai kauri wadda ba ta riƙe gumi, filasta biyu ko uku, gorar ruwa, hula ko laima, ƙaramin batirin cajin waya, da jakar da za ta bar hannuwanka a sake. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai.

Ruwan sha da banɗaki fa?

Tambayar da ake jin kunyar yi, alhali ita ke yanke yawo. Wasu birane sun tanada. A Rum akwai famfunan ƙarfe wajen 2,500 da ake kira nasoni, wato manyan hancina, an fara kafa su a 1874, ruwa na zuba dare da rana; idan ka toshe bakin da yatsa, ruwan zai tsirto ta wani ɗan rami a sama ka sha ba kofi. A Faris akwai korayen famfunan Wallace tun 1872. Inda ba haka ba, ka cika gorarka tun daga masauki, kuma kada ka sha ruwan famfon lambu sai ka ga alamar na sha ne, domin wani na ban-ruwa ne.

Banɗaki kuwa, ka nemi ɗakin karatu na jama'a, gidan tarihi, tashar jirgin ƙasa, ko kusa da wurin wasan yara a lambu. In ka samu, yi amfani da shi ko ba ka matsu ba.

Wane lokaci ya fi?

Sassafe zuwa hantsi. Tsuntsaye sun fi kuka, haske ya fi kyau, masu lambu na aiki kuma suna da lokacin amsa gaisuwa. Sai kuma sa'ar ƙarshe kafin faɗuwar rana, amma a nan ka kula da ƙofa. Lambuna masu shinge da yawa da faɗuwar rana ake kulle su, kuma lokacin yana canzawa da kakar shekara. Na taɓa shagala a wani lambu, ban ji usur ɗin mai gadi ba, sai da na bi ƙofa uku duk a garƙame kafin na same shi yana shirin tafiya. Tun ranar, allon bakin ƙofa nake fara karantawa.

Akwai kuma ranaku na musamman. A Faransa tun 1984, ƙarshen mako na uku na Satumba ana buɗe gine-ginen gwamnati da lambunan da kullum suke rufe, ƙasashen Turai da dama sun bi sahu. A Bogota ta Kolombiya, kowace Lahadi daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana ana hana motoci bin tituna sama da kilomita 100, al'adar da ta faro a 1974. Kafin ka je gari, ka bincika ko yana da irin wannan rana.

In ɗauki ja-gora, ko in tafi ni kaɗai?

Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan gari ba lallai ne mai riƙe da tuta yana jan mutum talatin ba. Akwai wani labari da nake so. A 1545 wani Bafaranshe mai bincike, Petrus Gyllius, yana yawo a Istanbul sai ya ji cewa mutanen wata unguwa kusa da masallacin Aya Sofiya suna zura guga ta rami a cikin gidajensu su ɗebo ruwa, har kifi suke kamawa. Ya bi diddigi, ya sauka ta wani gida, sai ga shi a cikin katafariyar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da aka gina a zamanin Sarki Justinian a ƙarni na 6, mai ginshiƙai 336. Masana sun manta da ita, mazauna unguwa kuwa kullum a cikinta suke ɗiba.

Don haka ka tambayi mai share lambu, da mai gadi, da tsohon da ke zaune a benci ɗaya kullum. Amma ka iya tambaya. Idan ka ce "ina wurin kallo a nan?", za a tura ka inda kowa ke zuwa. Ce "da can mene ne a nan?" ko "ina kuke zama idan zafi ya yi yawa?"

Yawon da ake kira na kyauta, ba kyauta ba ne: a ƙarshe ana sa ran ka ba ja-goran abin hasafi, da shi yake rayuwa. Na kyauta na gaske shi ne irin Jane's Walk, wanda aka fara a Toronto a 2007 don tunawa da Jane Jacobs, marubuciya kan rayuwar birane. A farkon watan Mayu mazauna unguwanni a birane da dama su ke jan baƙi su nuna musu unguwarsu.

Na ga ƙofa a buɗe, da lambu a ciki. In shiga?

Duba alama tukuna. A Liyon ta Faransa akwai hanyoyin da ke ratsa cikin gidaje daga titi zuwa titi, ana kiransu traboules, masaƙan siliki sun yi amfani da su a da. Wajen 40 daga ciki a buɗe suke da rana bisa yarjejeniya da masu gidajen, da sharaɗin a yi shiru, domin a saman kanka mutane ke kwana. A Niyok, tun dokar gine-gine ta 1961, ana barin mai gini ya ƙara hawa idan ya ware fili ga jama'a. Akwai irin waɗannan filaye sama da 500, wasu a cikin ginin ma suke, kuma kana da ikon zama ba sai ka sayi komai ba. A birnin dai, Gramercy Park a kulle yake, sai masu gidajen da ke kewaye da shi ke da mabuɗi.

In ba alama, yi sallama ka tambaya. In an ce a'a, shi ke nan. Kangon gini da rami da magudana kuwa, ka bar su: rufi na ruɓewa, iskar ƙarƙashin ƙasa na kashewa, kuma layin dogon da ciyawa ta rufe ba lallai ne jirgi ya daina bi ba.

Ni mace ce, kuma ni kaɗai nake son fita. Akwai haɗari?

Ya danganta da gari da lokaci, kuma matan garin sun fi kowace taswira sani, don haka su za ki fara tambaya. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne ki duba su waye a wurin. Inda kika ga mata da yara da tsofaffi zaune, galibi lafiya lau ne. Inda kika ga ba kowa, ko maza zalla a tsaye ba abin da suke yi, ki juya ba tare da neman hujja ba. Ki gaya wa wani inda za ki da lokacin dawowa, kada ki toshe kunnuwa biyu, kuma in za ki duba taswira ki jingina da bango ko ki shiga shago.

Wuri kuma yana canzawa. Dajin Karura na Nairobi, mai wajen hekta 1,000 da koguna da magangarar ruwa, a da tsoronsa ake ji. A nan aka fasa wa Wangari Maathai, 'yar gwagwarmayar kare muhalli, kai a Janairun 1999 lokacin da take hana a yanka shi fuloti-fuloti. Bayan an kewaye shi da shinge an sa masu gadi, ya zama wurin da iyalai ke zuwa yawo. Akasin haka ma na faruwa, shi ya sa labarin shekara goma da ta wuce ba abin dogaro ba ne.

Da yara, ko dattijo, ko mai keken guragu?

Rage nisan, ƙara zama. Yaro ba ya gajiya da tafiya kamar yadda yake gajiya da rashin abin yi, don haka ba shi aiki: ya ƙirga gadoji, ya nemo ganye iri biyar. Ga dattijo, tazarar da ke tsakanin benci da benci ita ce abin dubawa. Ga mai keke, tsohon layin dogo da bakin kogi sun fi, saboda shimfiɗe suke. Tsohon gari mai daɓen duwatsu da matakala wahala ce.

Idan zafi ya tsananta, ko hadari ya taso?

Kwalta da kankare suna riƙe zafi, shi ya sa tsakiyar birni ya fi bayan gari ɗumi, musamman da dare. Bi gefen titin da ke da inuwa, sha ruwa kafin ƙishirwa. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, duk alamar ka tsaya ne. Idan mutum ya fara ruɗewa ko surutai, a sanyaya jikinsa da ruwa a nemi asibiti da gaggawa.

Tsawa kuwa, ƙarƙashin bishiya ne mafi munin wurin fakewa. Ƙirga daga walƙiya zuwa ƙara: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan. In dai kana jin ƙarar, shiga gini ko mota, kuma ka jira minti 30 bayan ta ƙarshe.

Idan na ɓata, waya kuma ta mutu?

Matambayi ba ya ɓata. Ka rubuta sunan masaukinka a takarda, da rubutun mutanen garin, ka sa a aljihu. Ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet. In duk sun gaza, gangara takan kai ga kogi, jama'a da yamma sukan nufi tasha, kuma a kowace tashar bas akwai sunan wuri.

A kan hanya, ina ya kamata in riƙa kai ido?

Sama da ƙasa, domin daidai ido shaguna ne da talla, su kuwa kullum canzawa suke. Daga bene na ɗaya zuwa sama ne gini ke faɗin shekarunsa: shekarar da aka sassaƙa a goshi, tsohon rubutun shago da ya koɗe, tagar da aka toshe. A Landan akwai shuɗɗan alluna masu da'ira sama da 1,000 a jikin gidaje, tsarin da ya faro a 1866, suna nuna wanda ya taɓa zama a gidan.

A ƙasa kuma akwai murfin magudana mai sunan kamfanin da ya mutu, da ragowar layin tarago a cikin kwalta. A biranen Turai da yawa za ka taka wasu ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla, santimita 10 a kowane gefe, waɗanda wani mai fasaha ɗan Jamus, Gunter Demnig, ya fara kafawa a shekarun 1990. Kowanne yana ƙofar gidan ƙarshe da wani da 'yan Nazi suka kama ya zauna, da sunansa da shekarar haihuwarsa da abin da ya same shi. A 2023 aka kafa na 100,000. Ba ka iya karanta su sai ka sunkuya.

Kusa da majami'ar St Paul a Landan kuma akwai Postman's Park. A ƙarƙashin wata 'yar rumfa da aka buɗe a 1900 an jera allunan tangaran, kowanne da sunan wani talaka da ya rasa ransa wajen ceton wani daga gobara ko ruwa ko jirgin ƙasa, wasu ma yara ne. Ma'aikatan ofisoshin kusa nan suke zuwa hutun rana.

Na gano wani wuri mai daɗi. In sa shi a intanet?

Ka dubi girman wurin. Babban lambu zai ɗauki ƙarin mutum dubu bai ji ba. Tsakar gidan da ke da benci ɗaya da masu gida a sama, hoto guda mai ɗauke da adireshi a Instagram ya isa ya sa a garƙame ƙofar. Ni dai ina sa hoton in ɓoye adireshin, wanda ya tambaye ni kai tsaye in kwatanta masa. Kada ka ɗauki fuskar mutane, balle yara, ba da izininsu ba. Barikin soja da ofishin 'yan sanda da wasu gadoji kuwa, a ƙasashe da dama ɗaukar hotonsu laifi ne. Idan ka tarar da famfo ko benci ko ƙofar lambu da babu a OpenStreetMap, wannan kam ka ƙara shi, mintuna kaɗan yake ɗauka.